Yadda Ake Shirya Garejin Gida a Yamai Tare da Na'urar Ɗaga Mota

Na daɗe ina taimaka wa masu sha'awar mota a Yamai wajen mayar da wani ɓangare na gidajensu wurin aiki, kuma kusan duk wanda ya zo wurina yakan fara da tambayar inda zai samu na'urar ɗaga mota, wadda makanikai ke kira pon. Amsata ba ta canzawa: na'urar ita ce ta ƙarshe a sayayya, domin daɓen da za ta tsaya a kai da tsawon rufin da ke samanta su ne ke faɗa maka irin wadda za ka saya, ko ma su hana ka saye gaba ɗaya.

Kayan da za ka tanada

Na aikin gini su ne siminti, yashin kogi wanda aka tankaɗe, tsakuwa mai tsabta, ƙarfen gini lamba 10, jar ƙasa ta ciko, leda mai kauri da tsofaffin buhunan algarara. Mafi yawansu ana samu a kasuwar Katako. Simintin Malbaza ya wadatar, amma ka nemi mai lamba 42.5 idan akwai, kuma ka matsa buhun da hannu ka tabbata bai daskare ba. Na aikin kafa na'ura kuwa akwai injin huda kankare da bakinsa daidai kaurin kusoshi, ma'aunin ruwa mai tsawon mita 1 ko fiye, zare da alli, tef na awo, guduma, da kile mai auna ƙarfin ɗauri. Wannan kile na ƙarshe shi ne mutane ke ƙyashin saye, alhali shi kaɗai ke nuna maka cewa kusa ta kama kankare ko tana juyawa ne a banza. Idan ba ka da shi, ka aro daga babban gareji na yini guda.

Ko da na'ura ko babu, garejin gida ba ya rasa kirik mai taya na tan 3, ƙafafun ƙarfe guda 4 masu tallafe mota waɗanda ake kira shandel, katakon tokare taya, tukunyar kashe gobara mai gari ta kilo 6, bokitin yashi, da gangar zuba tsohon mai.

1. Auna wuri da motarka

Ka ɗauki awon motar da ta fi girma cikin waɗanda za su shiga garejin. Toyota Hilux mai ƙofa 4 tana da tsawon kusan mita 5.3 da tsayin kusan mita 1.8, nauyinta kuma wajen tan 2 ne. Babbar Land Cruiser takan wuce tan 2.5 tun ba a loda mata komai ba. Na'ura mai ginshiƙi biyu tana ɗaga mota kusan mita 1.8 daga ƙasa, saboda haka idan ka haɗa wannan da tsayin motar za ka ga cewa rufin da bai kai mita 4 ba zai takura ka, musamman idan motar tana da ƙarfen ɗaukar kaya a samanta. Faɗin na'urar daga bayan ginshiƙi zuwa bayan ginshiƙi yakan kai mita 3.4, kuma kana bukatar aƙalla santimita 60 a kowane gefe don wucewa. Ke nan ɗaki mai tsawon mita 7, faɗin mita 4.6 zuwa 5 da tsayin mita 4 shi ne ma'aunin da nake ba mutane.

Garejin da aka saba ginawa a gidajen Yamai ba ya kai haka, domin don ajiye mota aka yi shi, rufinsa bai cika wuce mita 3 ba. Idan rufin kwano ne, ɗaga shi abu ne mai sauƙi: a cire, a ƙara layin bulo 5 ko 6, a ɗaure da kankare a mayar. Idan kuwa rufin kankare ne mai ɗaki a sama, to ka haƙura da na'ura mai tsayi, ka duba mataki na gaba. Duk ginin da zai taɓa katangar bakin titi, ka nemi izini daga ma'aikatar magajin gari kafin ka sa hannu.

2. Zaɓen irin na'ura

Mai ginshiƙi biyu ita ce ta mai son gyara da hannunsa, domin tana kama mota ta ƙarƙashin jiki ta bar tayoyi huɗu a sake, ka samu damar taɓa birki, ƙafafun mota, salansa da akwatin giya ba tare da wani abu ya tare ka ba. Iri biyu ce. Akwai wadda igiyoyin ƙarfe masu daidaita ɓangarorinta biyu ke bi ta sama a cikin wani ƙarfe da ya haɗa kawunan ginshiƙan, ƙasanta fili ne amma tana son dogon rufi. Akwai kuma wadda igiyoyin ke bi ta ƙasa a ƙarƙashin faranti, ginshiƙanta ba su cika wuce mita 2.8 ba, sai dai farantin yakan hana kirik mai taya wucewa cikin sauƙi. Ka ɗauki mai ƙarfin tan 4 ko da motarka ƙarama ce, saboda gobe ɗan'uwa zai kawo tasa, kuma ba za ka iya cewa a'a ba.

Mai ginshiƙi huɗu ana hawa da mota ne a kan dogayen faranti biyu. Ta fi sauƙi ga sabon hannu, ba ta matsa wa daɓe sosai, kuma tana ba ka damar ajiye mota ɗaya a sama wata a ƙasa, amma aikin taya ba ya yiwuwa sai da ƙarin kirik. Mai kama da almakashi, wadda ke ɗaga mota kusan mita 1, ita ce ta mai gajeren rufi.

Wasu sukan ce a haƙa rami kawai, kamar yadda ake gani a wuraren juyen mai. Rami yana da araha kuma ba ruwansa da ɗaukewar wuta, zurfin mita 1.5 da faɗin santimita 80 zuwa 90 sun isa. Amma tururin fetur ya fi iska nauyi, yana sauka ya kwanta a cikin rami, ƙyastu ɗaya ya isa ya tashi wuta. Sa'an nan ga ruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 a unguwannin Lamorde da Kirkisoye da Saga ba zai ba mutumin da ke kusa da kogi shawarar haƙa rami a cikin gida ba. A unguwannin tudu yana yiwuwa, muddin aka yi masa bango da kankare, da matakala, da murfin katako mai kauri saboda yara.

Abu ɗaya da nake dagewa a kai shi ne sakatar kariya, wato ƙarfen da ke maƙalewa a haƙora ya riƙe mota a sama kada ta faɗo. Ka zaɓi na'urar da ake buɗe sakatarta da hannu, ka bar wadda ake buɗewa da lantarki, dalilin yana zuwa a mataki na 7. Idan na'urar da aka riga aka yi amfani da ita ce za ka saya, ka duba ko ginshiƙan ba su lanƙwashe ba, ko haƙoran sakata ba su cinye ba, kuma kada ka karɓi tsofaffin kusoshinta ko da kyauta ne. Tun da kayanmu daga tashar jiragen ruwa mai nisa suke zuwa, ka sa a haɗo maka da robobin silinda da igiyoyin ƙarfe na ajiya tun a odar farko.

3. Daɓe

A nan ne aikin yake. Nauyin mota a kan na'ura mai ginshiƙi biyu yana danna gaban kowane ginshiƙi ƙasa, yana kuma fizgar kusoshin bayansa sama, don haka abin da ke riƙe da tan 2 a bisa kanka shi ne kamun da kankare ya yi wa waɗannan kusoshi. An taɓa kirana wani gida inda aka kafa na'ura a kan daɓen da aka shimfiɗa wa tayil. A gani kam sai sheƙi yake. Ran da suka ɗora babbar mota, ba ta kai gwiwa ba suka ji ƙara kamar an taka busasshiyar ƙwarya, tayil ya tsage daga gindin ginshiƙin dama har bakin ƙofa, kan ginshiƙin ya sunkuyo ciki da kusan faɗin yatsa uku. Allah ya kiyaye, babu kowa a ƙarƙashi. Da na huda gefe na zura waya, kaurin kankaren bai wuce santimita 7 ba, ƙarƙashinsa yashi ne zalla.

Idan kana da tsohon daɓe, ka yi wannan gwajin kafin komai: ka huda wurare 3 ko 4 kusa da inda ginshiƙai za su tsaya, ka lanƙwasa bakin waya ka zura, ka maƙalo ƙarƙashin kankaren, ka auna. Ka kuma lura da garin da ke fitowa da yadda injin ke shiga. Idan yana nutsewa kamar cikin bulon ƙasa, simintin bai isa ba komai kaurinsa. Kowace na'ura tana zuwa da littafin da ya faɗi mafi ƙarancin kaurin da take so, amma ni ba na kafawa a kan abin da bai kai santimita 20 ba, saboda kwaɓin hannu na gida ba ya kai ƙarfin wanda masu ƙera na'urar suka yi lissafi da shi.

Sabon daɓe kuwa ga yadda ake yinsa. A kwashe yashin sama har a kai ƙasa mai tauri, a zuba jar ƙasa kaurin santimita 15 zuwa 20 kashi biyu, kowane kashi a yayyafa ruwa a daddaɓe shi sosai. A shimfiɗa leda don kada ƙasa ta shanye ruwan kwaɓi. A saƙa ƙarfe lamba 10 da tazarar santimita 20, a ɗaga shi a kan ƴan guntayen kankare don ya zauna a cikin daɓen. Kuskuren da magina ke yawan yi shi ne barin ƙarfen kwance a kan leda, inda ba ya amfana komai. Kafin a zuba, ka zana inda faranti biyu na ginshiƙai za su zauna, ka gusar da ƙarfe daga inda za a huda, in ba haka ba bakin injinka zai ci karo da shi.

Ma'aunin kwaɓi shi ne kilo 350 na siminti a kowace mita kubik, wato buhu 7 masu kilo 50. Ɗaki mai mita 7 da 4.6 a kaurin santimita 20 yana cin wajen mita kubik 6.4, kusan buhu 45 ke nan. Ka tsaya da kanka a wurin kana ƙirga buhunan da ake farkewa, kuma ka hana ƙara ruwa. Ma'aikata suna son kwaɓi mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin shimfiɗawa, amma kowane bokitin da aka ƙara yana rage ƙarfin daɓen. A yi hayar injin kwaɓi da injin girgiza kankare. Idan na girgizar bai samu ba, a riƙa caccakawa da sandar ƙarfe har kumfa ta daina tasowa. A zuba gaba ɗaya a yini guda, a fara da asuba. Inda ginshiƙai za su tsaya ya zama shimfiɗe sarai, gangara kuma a bar ta can wajen ƙofa. Bakin ƙofar ya fi titi tudu, saboda ruwan watan Agusta.

Idan kuɗi ba su kai a sake daɓen duka ba, a yanke tsohon a tsakiya, a haƙa wuri mai tsawon mita 4, faɗin mita 1.5 da zurfin santimita 30 wanda zai ɗauki ginshiƙan biyu tare, a huda gefen tsohon daɓen a cusa ƙarfe don su haɗu. Wannan buhu 13 zai ci.

Sai jira. Kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake lissafi da shi. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40, ko a iskar hunturu mai busar da komai, samansa yakan bushe ya tsattsage kafin cikinsa ya ƙosa. A rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara, a riƙa ba shi ruwa safe da rana da yamma na aƙalla kwana 7. Kada ka huda shi kafin kwana 28, ko da na'urar ta iso tana jingine a tsakar gida kana kallonta.

4. Wuta

A makonnin jiran nan sai a yi aikin wuta. Motar famfon na'urar yawanci kilowat 2.2 ce, kuma ana yin ta iri biyu, mai volt 220 ta wutar gida, da mai volt 380 ta wuta mai layi uku. Ka duba kontar, wato mitar wuta, da kamfanin lantarki na NIGELEC ya sa maka kafin ka yi oda. Na ga wanda ya sayo mai layi uku alhali gidansa layi ɗaya ne, sai da ya canza motar famfon. Ƙaramin kontar gida ba ya ɗaukar na'urar tare da na'urorin sanyaya ɗaki, don haka wataƙila sai ka nemi a ƙara maka ƙarfi. A ja mata layinta ita kaɗai da waya mai kaurin milimita murabba'i 4, da makatsin wuta nata na amfiya 20 zuwa 25, da makatsi mai kare mutum na miliamfiya 30. Wayar ƙasa wajibi ce, tun da na'urar ƙarfe ce kuma hannunka na kanta kullum. Busasshen yashi ba ya jan wuta da kyau, saboda haka a dasa sandar wayar ƙasan da zurfi a wuri mai damshi, mai gyaran wuta ya auna ta. Idan da gurup, wato janareta, za ka yi aiki, kada ya gaza kVA 6, domin motar tana fizgar wuta ninki da yawa a lokacin tashi.

Fitilu a jikin bango ake sa su, a tsayin kafaɗa da kuma ƙasa-ƙasa, saboda da zarar mota ta hau sama ta tare hasken rufi.

5. Kafa na'ura

Ka samu mutum 4 masu ƙarfi, domin kowane ginshiƙi ya fi ƙarfin mutum biyu. Ka ja zare a tsakiyar ƙofa zuwa bangon gaba, ka ja wani ya gitta shi a kusan mita 3.5 daga bangon, ka zana faranti biyu da alli daidai da tazarar da littafin ya faɗa. Ka auna kusurwa zuwa kusurwa, awon biyu su zo daidai. Babu kusar da za ta kusanci tsaga ko bakin daɓe da ƙasa da santimita 20.

A tsayar da ginshiƙin da ke ɗauke da famfo tukuna, ana riƙe da shi, a huda ta cikin ramukan farantin kansa don kada a kauce. Injin ya tsaya miƙe, kada a jujjuya shi, domin rami mai faɗi ba ya kama kusa. A hure garin da ke cikin kowane rami sarai, a sa noti a kan kusa kafin a buga don kada zaren ya lalace. A ɗora ma'aunin ruwa a fuska biyu na ginshiƙin, a gyara karkata da ƴan faranti na ƙarfe a gindin kusoshi. Katako da roba ba sa wannan aikin, kuma idan cikon ya wuce santimita 1 to daɓen ne bai daidaita ba. Daga nan a ɗaure da kile mai awo har adadin da littafin ya faɗa. Kusar da ta ƙi kai wannan adadi, tana ta fitowa sama kana ɗaurewa, ba ta kama ba, kuma ba a rufe ido a wuce ta. Haka za a yi wa ginshiƙi na biyu bayan an sake duba tazara a sama da ƙasa.

Sai a ɗaga kekunan biyu, wato ƙarafan da ke hawa da sauka a jikin ginshiƙai ɗauke da hannuwan kama mota, zuwa haƙori ɗaya na sakata, a zura igiyoyin daidaitawa, a haɗa bututun mai, a sa hannuwa huɗu. A zuba man idirolik, yawanci lita 10 zuwa 12. A zafinmu mai lamba 46 ya fi mai lamba 32 dacewa, muddin littafin bai hana ba. Man inji ko man birki ba sa maye gurbinsa. Idan motar mai layi uku ce, ta yi ƙara amma ba ta ɗaga komai ba, baya take juyawa, sai a musanya layi biyu.

6. Gwaji

A hau da sauka sau 5 ko 6 babu mota don iska ta fita daga bututu. Ka kasa kunne: sakatun biyu su riƙa yin ƙas a lokaci ɗaya. Idan kana jin ƙas-ƙas, ɗaya na bin ɗaya, igiya guda ta fi sako-sako, sai a ƙara mata ɗauri kaɗan-kaɗan. Bayan haka a fara da ƙaramar mota, a ɗaga ta taƙi ɗaya, a bar ta minti 10, a duba gindin ginshiƙai da mahaɗar bututu. A sake auna ɗaurin kusoshi bayan wannan gwaji, da bayan mako guda, sa'an nan kowane wata.

7. Ɗaga mota

Kowace mota tana da wurare 4 da aka ƙarfafa don ɗagawa, littafinta yana nuna su. A ƙananan motoci suna gefen ƙarƙashin ƙofofi, a Hilux da Land Cruiser kuwa shasi ake kamawa, kuma sai an ƙara wa tafin hannuwan tsawo da ƙarafan da ke zuwa da na'urar don kada hannu ya matse matakin ƙofa. Nauyin mota ya faɗa tsakanin ginshiƙan, kuma ka tuna gaba ya fi nauyi saboda inji. Ka ɗaga har tayoyi su bar ƙasa da taƙi ɗaya, ka tsaya, ka zagaya ka leƙa tafi huɗun, ka kama motar ka girgiza ta da ƙarfi. Idan za ta zame, gara ta zame a nan. Ka kai ta tsayin da kake so, sa'an nan ka sassauto ta har ta zauna a kan sakata. Ba a shiga ƙarƙashin motar da mai kaɗai ke riƙe da ita, kamar yadda ba a shiga ƙarƙashin wadda ke kan kirik babu shandel. Idan za ka cire abu mai nauyi irin akwatin giya, ka tokare gaba da baya da dogayen ƙafafun ƙarfe, domin nauyin zai koma gefe ɗaya.

Wuta za ta ɗauke mota tana sama, wannan ba makawa a watannin zafi. Saukowa ba ta bukatar lantarki, nauyin motar ne ke kora mai ya koma tanki. Matsalar ita ce sakata ba ta buɗuwa sai an ɗan ɗaga motar daga kanta. Idan na'urarka tana da famfon hannu, shi ke nan. Idan babu, ka tada gurup ko ka jira wuta, motar ba inda za ta je tun da tana kan sakata. Kada ka buge sakata da guduma. Mai sakatar lantarki kuwa ko an ɗaga motar da famfon hannu sakatar ba za ta buɗu da kanta ba.

8. Sauran ɗakin

Teburin aiki mai tsayin santimita 90 ya zauna a bangon gaba, kayan aiki a cikin akwati mai rufi saboda ƙura. Injin iska mai tankin lita 50 zuwa 100 ya isa, a riƙa zubar da ruwan tankinsa, musamman da damina. A sa bulo mai huji a saman bango biyu masu fuskantar juna don zafin kwano ya fita. Ba a tada inji ƙofa a rufe, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa, saboda haka kada gareji ya haɗa taga ko ƙofa da ɗakin kwana. Jarkokin fetur su zauna a waje cikin inuwa, tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa inda hannu zai kai, lambar ƴan kwana-kwana, 18, a rubuce a bango. Tsohon mai a tara shi a ganga, kada ya bi magudanar unguwa. A sa kwaɗo a makunnin na'urar saboda yara.

Ƙurar hunturu tana haɗuwa da giris ta zama kamar yashin goge ƙarfe, don haka kowane wata a share tsohon giris daga cikin ginshiƙai kafin a shafa sabo, a bi igiyoyin da tsumma, inda tsumman ya maƙale to zare ya tsinke kuma igiyar ta kai canji. Idan an gama aikin yini, a sauke na'urar har ƙasa don sandunan silinda su shige ciki, ƙura ba ta same su ba.